Shin Ɗan Lig Mai Maki 230 Ya Fi Earl Anthony Iya Bolin?

Injiniya: Ina so in kafa wata magana, kuma na san za a ja da ni. A Amurka a yau akwai ma'aikata da ke zuwa wasan bolin (mirgina ƙwallo a kan layi don kayar da kwalabe goma) na lig, wato gasar ƙungiyoyin 'yan wasan sha'awa, dare ɗaya a mako bayan an tashi daga aiki, matsakaicin makinsu yana kai 230, alhali Earl Anthony, wanda ya lashe kambi 43 a gasar ƙwararru ta PBA, a shekarun da yake ganiyarsa, wato 1974 da 1975, bai wuce 219 da 'yan kai ba. Lissafi ba ya son kai, don haka ni a ganina 'yan lig na yanzu sun wuce ƙwararrun da.

Dattijo: Injiniya, ka auna hatsi biyu da mudu daban-daban. Layin bolin ƙafa 60 ne daga inda ake sakin ƙwallo zuwa kwalbar farko, kuma ana shafa masa mai, amma ba shafi ɗaya ake yi wa kowa ba. A daren lig, masu gidajen wasa suna tara man a tsakiya su bar gefuna kusan a bushe, sau da yawa na tsakiya ya ninka na gefe kusan sau 10. Idan mutum ya kuskure ya jefa waje, busasshen gefe zai kama ƙwallon ya lanƙwaso da shi ciki, idan kuma ya kuskure ya jefa ciki, man zai sa ya zame ya tafi a miƙe, ta kowace hanya dai ya isa tsakanin kwalba ta farko da ta uku, inda ake kayar da duka goma. Ban ga laifin masu gidan ba, domin wanda ya ci maki da yawa shi ne zai dawo mako mai zuwa. Ƙwararru kuwa ana shimfiɗa musu mai kusan bai ɗaya, musamman a gasar US Open, ta yadda kuskuren faɗin yatsa biyu zai bar wa mutum kwalabe a tsaye.

Injiniya: Baba, na yarda da batun mai. To me za a ce game da Tom Smallwood, wanda ya rasa aikinsa a kamfanin motoci na General Motors, sannan ya lashe gasar duniya ta PBA a Disambar 2009?

Malama: Injiniya, wannan misalin bai taimake ka ba. Smallwood ya ci nasararsa ne a kan shafin man ƙwararru, yana karawa da ƙwararru, kuma dalilin da ya sa har yau ake ba da labarinsa shi ne irinsa ba su da yawa. Abin da ya fi damuna shi ne an manta da ƙwallon kansa. Anthony ya yi mafi yawan wasansa da ƙwallon roba da na filastik, waɗanda ba sa kama layi sosai. Na yuretan sai wajen 1980 ya shigo, na rezin mai shan mai kuma a farkon shekarun 1990, kuma shi ne ya sa ƙwallo yake shiga kwalabe a karkace da ƙarfin da a da sai mai gwanintar hannu yake samu. Don a gane yadda mutanen wancan zamani suke neman wannan kamun ido rufe, a 1973 Don McCune ya riƙa jiƙa ƙwallonsa na filastik cikin sinadari don ya yi laushi, ya lashe kambi 6 a shekarar, har aka kafa dokar taurin ƙwallo.

Dattijo: Malama ta tuna mini da abin da har yanzu yake sosa mini rai. A 1982 Glenn Allison ya yi wasa uku a jere kowanne 300, wato makin da babu sama da shi a wasa ɗaya, a La Habra ta Kalifoniya, jimilla 900, amma hukumar bolin ta lokacin ta ƙi amincewa, ta ce man layin ya saɓa wa ƙa'ida. Sai a 1997 aka amince da 900 na farko, na Jeremy Sonnenfeld, daga nan kuma aka yi ta samun wasu da dama. Ba hannun mutane ne ya sauya cikin shekara 15 ba.

Injiniya: Na janye rabin maganata, amma ba zan yarda a ce komai aikin mai da ƙwallo ne ba. Jason Belmonte na Ostareliya, mai jifa da hannu biyu, ya lashe manyan kambuna 15 a kan shafi mai wuya, kuma irin juyin da yake ba ƙwallo babu shi a zamanin Anthony.

Malama: Ai yanzu ka koma kwatanta ƙwararre da ƙwararre, kuma wannan muhawara ce da zan so mu yi ta daban, domin ni ma ban tabbata Anthony zai doke Belmonte ba. Ɗan lig ɗinka mai 230 kuwa, sai ya yi kakar wasa guda a kan shafin US Open mu ga makin da zai tashi da shi.