Abin da masu zane a Jos suka ce kan daji da aikin hannun mutum

Jama'a, muhawarar da aka yi kan abin da ya kamata mai zane ya zana, daji ko aikin hannun mutum, ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda mai koyo ya fara da duwatsun Shere ko na Riyom, da sassafe kafin rana ta wanke inuwa. Dutse ba ya motsi, yana koya wa ido siffa.

2. Inda aka rabu shi ne kududdufan kuza. Wasu sun ce tabo ne da haƙar ma'adinai ta zamanin Turawa ta bari, ga su da cin rayukan mutane, don haka bai kamata a ƙawata su ba. Wasu suka ce a zana su yadda suke: jan tudun ƙasa da zaizaya ta tsattsaga, koren ruwa a ƙasa, mai noman rani yana jan ruwa da inji zuwa kabejinsa. Kududdufin unguwar Rayfield ma ai ya zama wurin shaƙatawa. Ni dai ina tare da na biyun.

3. An tuna mana cewa yawancin abin da muke kira daji a Filato gona ce. Shingen ƙyarana da gonakin acca hannu ne ya tsara su.

4. Masu son gini sun ce a je gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, a kalli kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya.

5. Kan zane daga hoton waya, ba a daidaita ba.