Muhawara: Shin in an halatta wa likita taimaka wa majinyaci ya mutu, sharuɗɗan na tsayawa inda aka ajiye su?

Barista Nura: Ba sa tsayawa. Kanada ta yi dokarta a 2016 don wanda mutuwarsa ta kusa. A 2021 aka cire wannan sharaɗi, aka kuma soke jiran kwana 10 ga wanda ke bakin mutuwa. Beljiyam ta fara a 2002, a 2014 ta cire iyakar shekaru ga yara. A 2023, kashi 4.7 cikin ɗari na mace-macen Kanada ta wannan hanya ne.

Dakta Hadiza: Barista, ka haɗa tsari biyu. A Kanada da Holan likita ne kan yi wa majinyaci allurar da za ta kashe shi. A jihar Oregon ta Amurka, tun 1997, maganin kawai yake rubutawa, majinyaci ya sha da hannunsa. Sai ya kai shekara 18, likitoci biyu sun tabbatar cutar za ta kashe shi cikin wata shida, ya roƙa da baki sau biyu da tazarar kwana 15, ya sa hannu gaban shaidu biyu. Sharaɗin wata shidan yana nan har yau. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa ma ba sa sha.

Barista Nura: Amma Dakta, Oregon ɗin ta yafe jiran kwana 15 ga wanda ba zai kai ba, sannan a 2023 ta cire sharaɗin zama ɗan jihar.

Malam Isiyaku: Ni wata shidan ne damuwata. Ƙiyasi ne. A ciwon daji yakan kusa daidai, amma a ciwon zuciya ko na huhu jiki yakan faɗi ya sake tashi, likita ya yi kuskure da nisa. Kuma a rahotannin Oregon, abin da mutane suka fi ambata shi ne rasa ikon kula da kansu, zafin ciwo yana can ƙasa.

Dakta Hadiza: Na yarda, Malam. Inda na fi jin tsoro ma Holan ce: kwamitin bita yana duba fayil ne bayan an mutu. Wata mai cutar mantuwa da ta bar wasiyya a rubuce cewa a taimaka mata ta mutu, an sa mata maganin barci a kofi, iyali suka riƙe ta lokacin allura. Kotu ta wanke likitar a 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020.

Barista Nura: To wa zai tabbatar ra'ayinta bai sauya ba, alhali ba ta iya faɗa?