Shawarwarin magina tukwane ga mai son ya koyar

A tattaunawar da aka yi tsakanin magina tukwane da masu koyar da sana'ar, an fi daɗewa a kan batun wuta. Tukunya ta bushe sarai kafin ta shiga tanderu, domin ruwan da ya rage cikin yumɓu yana zama tururi a digiri 100 na ma'aunin Celsius, ya fasa ta. A riƙa ƙara wuta sannu a hankali, musamman wajen digiri 573, inda yashin cikin yumɓun ke kumbura farat ɗaya. Gashin farko kan kai wajen digiri 1000, sannan a shafa ruwan sheƙi a sake gasawa. Kowane gashi a rubuta shi a littafi.

Lafiya ma ba a yi mata sakaci ba. A goge ƙurar yumɓu da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share ta, don tana lalata huhu. Kwanon cin abinci kuwa, kada sheƙinsa ya ƙunshi dalma.

Shawarar da ta fi ratsa ni ta malamai ce: kada koyarwa ta cinye lokacin ginin kanka. Ɗalibi kuma a bar shi ya ɓata yumɓu da hannunsa, kada a yi saurin karɓe masa.