An ba ni injin ɗurin harsashi kyauta, in karɓa ko in bari?

Ɗan Birni (mai tambaya): Assalamu alaikum ƴan zaure. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya mini a rai.

Lokacin da nake karatu a Tuluz ta Faransa wani abokin aji ya ja ni kulob ɗin harbi. Ba farauta ba, harbin gasa da ƙaramar bindiga, irin wanda ake kafa allunan kwali da farantan ƙarfe, a ƙirga maki a haɗa da lokacin da mutum ya ɗauka. Can na saba da wani dattijo Bature, tsohon makanike. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa kuma babu mai sha'awar abin. Shi ya koya mini sake ɗura harsashi a garejinsa. Bayan an tashi daga fili sai mu tsince kwanson da ya zube, a wanke, a duba ɗaya bayan ɗaya ko bakin ya tsage. Injin ne ke matse kwanso ya koma girmansa, ya fitar da tsohuwar ƙyastun nan ta gindi mai kunna albarushi ya sa sabuwa, ya zuba albarushi, ya ɗora kan harsashi. Dattijon nan ba ya kunna rediyo in yana aikin, waya ma a mota yake barinta. Gwangwanin albarushi ɗaya tak yake yarda ya hau tebur, sauran suna kulle. Yana da wani tsohon littafi duk ya sha mai, kowane ɗuri da kwanan watansa a ciki. Ranar da na kare digirina har ya zo ya zauna a baya, da wata kwat da ta yi masa yawa.

Masu gasa ba don arha kawai suke wannan wahala ba. A tsarin IPSC, ƙungiyar irin wannan gasa ta duniya da aka kafa a Amurka a 1976, ana auna ƙarfin harsashinka: nauyin kan harsashi a ninka da gudunsa a raba da dubu. In bai kai 125 ba makinka ba ya shiga lissafi. Shi ya sa kowa ke son harsashin da ya haura layin da kaɗan, bindiga ba ta fizgar hannu, kuma kowane harbi daidai da ɗan'uwansa.

To yanzu na dawo gida Damagaram, ina aiki, na yi aure. Dattijon hannunsa ya soma rawa, ƴaƴansa za su kai shi gidan kula da tsofaffi ƙarshen wata. Ya kira ni ya ce injinsa ƙirar kamfanin Dillon da sikeli da littattafan duk nawa ne, in ban karɓa ba za su tafi hannun ƴan gwanjo. Akwai ɗan'uwana da ke sako kaya a kwantena ta Lome. In ce a sako? Ba albarushi, ba harsashi ko ɗaya, ƙarfe ne zalla.

Baba Ajudan mai ritaya: Wa alaikumus salam. Yaro, na karanta tun daga sama har ƙasa, na ji labarin kwat, amma ban ga inda ka ce kana da bindiga ba. Ina take? Ina takardar izininta? A ƙasar nan izinin riƙe makami daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, kuma ba kowa ke samu ba. Tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, kai kuma kana so ka kafa masana'anta a tsakar gidanku. Ka ce ƙarfe ne zalla. Wanda zai buɗe kwalin a kan hanya ba zai ga ƙarfe zalla ba, zai ga littafi mai hoton harsashi shafi-shafi da sunanka a jikin kwali. A wannan zamani da ake ciki. Ka bar shi can, magana ta ƙare.

Ɗan Birni: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce zan ɗura komai ba. Ajiye shi zan yi. Mutumin nan tamkar uba ya riƙe ni a ƙasar da ban san kowa ba.

Baba Ajudan mai ritaya: To me ya kawo lissafin 125 cikin maganar ajiya?

Maharbin Mirya: Ni dai ban ga abin tashin hankali ba. Ɗurin bindiga ba Bature ya koya wa Damagaram ba. Zamanin Sarki Tanimun a cikin Birni ake haɗa albarushi, har igwa aka ƙera, je ka tambayi dattawan fada. Malam, ka karɓi kayanka. Albarushi kuwa in shi ne matsala akwai namu na gida, ba sai an je Turai ba. Mu da ke tashin bindiga ranar hawan salla wa ya taɓa tambayarmu inda muke samu? Daga aljihunmu muke saye, a yi ta ɗaukarmu hoto da waya, a watse, ko kuɗin kabu-kabu ba mai ba ka. Bara sai da na sayar da ɗan akuya kafin na fita. Yaran yanzu ba mai son gadon, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɗan Birni: Kawu, na gode, amma wannan ba ya yiwuwa. Baƙin albarushi na adaka daban, na harsashin zamani daban, wanda ba ya hayaƙi, tun 1884 wani Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi. Ba a musanya su. Kuma juyin ya fi muni: masu farke harsashin zamani su juye cikinsa a adaka, bututun ne ke fashewa a hannunsu. Abin da ake zubawa a kwanson 9mm bai kai rabin giram ba, amma matsin da aka yarda ya kai a ciki bar 2,350 ne, alhali tayar mota bar biyu da ɗoriya take ɗauka. Shi ya sa ba a aiki da ido ko cokali, sai sikeli da adadin da kamfanin albarushin ya buga. In ka zuba sau biyu cikin kwanso ɗaya bindiga ta tarwatse. In ka manta ba ka zuba ba, kan harsashi ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya same shi.

Baba Ajudan mai ritaya: Madalla, ka amsa wa kanka. Albarushin babu a Kasuwar Dole, ƙyastun babu, filin gasar babu. Saura me?

Ɗan Zango: Kwanso dai ba zai yi wuya ba, inda sojoji ke atisaye ai yana zube.

Baba Ajudan mai ritaya: Kai, rufa wa kanka asiri ka goge wannan magana. A zamaninmu in an tashi daga filin harbi kwanso ƙirga shi ake yi a mayar, in ɗaya ya ɓace ba mai cin abinci sai an gan shi. Yaron da aka kama da buhun kwanso a gida, gidan kaso zai yi bayani. Kuma na soja ba ya sake ɗuruwa, wannan na sani.

Ɗan Birni: Wani yana ɗuruwa Baba, ya danganta. Mai jikin ƙarfe da mai ƙyastu irin ta Berdan su ne ake zubarwa, na tagulla mai irin ta Boxer shi ake nema. Amma ni ban ce zan je tsintar komai ba, Ɗan Zango ne ya faɗa.

Baba Ajudan mai ritaya: Ina riƙe da bindiga tun ba a yi auren uwarka ba, yau kai za ka gyara mini.

Hajiya ta Sabon Gari: Ƙanena, duk wannan turanci na ƙyastu bai dame ni ba. Matarka ta sani? Ka ce ka yi aure ka wuce da gudu. Maigidana haka ya shigo da doki, wai kyauta aka ba shi. Kyautar nan yau ita ke cin harawa da dawa kafin yara su ci, an gina mata rumfa a inda nake shanya, ga mai kula da ita wata-wata. Duk sanda na buɗe baki sai ya ce amanar aboki ce. Shi abokin yana can hankalinsa kwance. Kai ma yau inji ne, gobe ka ce ai inji ba ya zama haka nan.

Ɗan Birni: Hajiya, wannan ba ya cin harawa. Zan gaya mata in lokaci ya yi, ba na so in tayar mata da hankali kan abin da bai tabbata ba.

Hajiya ta Sabon Gari: Ato. Ba ta sani ba ke nan.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Dalma. Kan harsashi dalma ce, ƙyastu da yawa ma akwai ta a ciki, kuma ƙurar da ke fita wajen wanke kwanso ita ce mafi sharri. Injin da ya yi shekaru yana aiki duk jikinsa akwai ta. Ba mu manta Zamfara ba a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Ban ce inji ɗaya zai yi haka ba, amma gidajenmu ba gareji gare su ba, ɗakin ajiya nan ne yaro ke rarrafe. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce 40, in wata rana zuciya ta kai ka ga ajiye albarushi a ɗaki mai rufin kwano, zafi lalata shi yake yi. Ni na wanke hannun da adaka ta fashe a ciki, ba na son sake gani.

Maharbin Mirya: Wannan gangancin ƴan koyo ne ƴata. Mai gado ba ya cika bindiga ya wuce yatsa.

Mushe na lakwal: Ni a ganina kuna ta jayayya kan inji, alhali abin da yaron nan ke kewa harbin ne. Ka roƙi dattijon a sayar da Dillon can, inda doka ta san da zamansa kuma yake da daraja, kuɗin a saya maka bindigar iska ta gasa. Nisan mita 10, ƙwaya milimita 4.5, ba albarushi ba kwanso, kuma wasa ne na Olamfik. Kun tuna Baturken nan Yusuf Dikeç da ya ci azurfa a gasar Faris ta 2024, hannu ɗaya a aljihu? Bindigar iska ya riƙe. Nijar lambobin Olamfik biyu gare ta, tagullar Issaka Daboré a dambe 1972 da azurfar Alfaga a tekwando 2016. Duka wasanni ne da ba sa neman kayan miliyoyi. Zaure mai tsawon mita goma da ɗoriya ba zai gagara a Damagaram ba. Na yi ta kai takarda ina neman a ba yaran makarantarmu ko da kwari da baka ne, kullum sai a ce a dawo bayan kokowa. Kokowa ta wuce, a ce a dawo bayan salla.

Baba Ajudan mai ritaya: Mushe, ita ma sai ya nemi izini a rubuce tukuna. A shingen hanya da dare ba mai tambayar ko iska ce a ciki, siffarta ake gani.

Ɗan Birni: Mushe, na gode, amma ba ɗaya ba ne. Mita 10 tsayuwa ce wuri ɗaya har harbi 60. Namu da gudu ake yi, da canjin wuri, da agogo. Kuma yaya zan buɗe baki in ce wa mutum ya sayar da abin da ya zaɓe ni ya ba ni? Ku ba ku san shi ba. Kuma wa ya san gobe, mai yiwuwa in koma ƙarin karatu, ko a buɗe kulob a Yamai.

Mushe na lakwal: To in komawa za ka yi, ai can ya kamata ya jira ka. Ba wani ɗan kulob ɗin da zai ajiye maka?

Ɗan Birni: Tun da na dawo ba mu cika magana da su ba.

Wata ƴar'uwa daga Matamai: Ka karɓi littafinsa na hannu da sikelin, ka bar injin. Amana ta cika, kai ma ka huta.

Baba Ajudan mai ritaya: Littafin ne ma ya fi haɗari, ƴata. Ba littafi, ba sikeli, ba ƙusa. In yana son tunawa da shi ya sa a aiko masa da kwat ɗin. Kuma in ka ƙi ji, yaro, kafin kwali ya bar Faransa ka rubuta takarda zuwa ga hukuma ka faɗi abin da ke ciki dalla-dalla, ka riƙe amsarsu a hannu. In ba su amsa ba, amsa ke nan.

Ɗan Birni: Kafin takarda ta je ta dawo wata ya ƙare, Baba. Ɗan'uwan nawa ya ce zai iya rubuta shi a matsayin kayan gyaran mota.

Baba Ajudan mai ritaya: Innalillahi. Yanzu ka tashi daga mai neman shawara ka koma mai ƙarya a takardar kaya. Ranar da aka buɗe, da kai da ɗan'uwan naka da direban da bai san hawa ba bai san sauka ba, duk mota ɗaya za a kwashe ku.

Ɗan Birni: Ban ce na yarda ba, na faɗi abin da ya ce ne kawai. Kowa sai fassara ni yake yi.

Mai kula da zaure: Jama'a a kiyaye. Ba a ba da shawarar kauce wa doka a nan, kuma duk wanda ya sake kawo zancen inda ake samun albarushi ko kwanso zan cire shi.

Ɗan Zango: Afuwan shugaba. Ɗan Birni, shi ɗan'uwan naka har yanzu yana sako kaya ta Lome? Ina da injin niƙa da wani mai kwantena ya riƙe mini tun kafin azumi, kullum sai ya ce yana hanya. Nawa yake karɓa a kilo?