Karayar arziki: shekara nawa take ɗauka a rahoton bashi?

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum. Ƙanena yana harkar hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe, jarinsa ya karye, ga bashin banki a wuyansa. An ce masa ya je kotu ta ayyana shi wanda ya kasa biyan bashi, wai bayan shekara 7 sunansa zai wanke. Haka ne?

Malam na Pantami: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar masa da alheri. Shekara 7 ɗin nan maganar Amurka ce. A can, wanda ya bi Babi na 13 na dokar karayar arziki, wato biya kaɗan-kaɗan na shekara 3 zuwa 5, zancen yana zama shekara 7 a rahoton bashinsa, wato tarihin lamuninsa da masu ba da bashi ke dubawa. Wanda ya bi Babi na 7, inda ake sayar da kadara a yafe saura, shekara 10 ne. Daga ranar shigar da takarda kotu ake ƙirgawa, ba daga ranar da kotu ta sallame shi daga bashin ba. Ingila kuwa shekara 6.

Yaya Babba: Malam ya faɗi daidai. Mu a nan Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma da wuya ka ga ɗan kasuwa ya bi ta nan. Ko takarar majalisa mutum ba zai tsaya ba muddin kotu ba ta sallame shi ba.

Abin da zai riƙe ƙaninka shi ne bashin kansa. Bankuna suna miƙa bayanan masu lamuni ga kamfanoni uku masu haɗa rahoton bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, haɗe da lambar BVN. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ce su riƙe bayani aƙalla shekara 6, sannan su adana shi a ma'ajiya wasu shekara 10. Kada ya zauna jiran lokaci ya goge masa, kuɗin ruwa na ta hauhawa. In kuma ya sa hannu a takardar GSI, wato izinin ƙwato bashi in aka kasa biya, lokacin karɓar lamunin, banki na iya cire kuɗinsa daga asusunsa na wani bankin. Tun Agustan 2020 ake haka.

Hajiya Inna: Ɗana, ka ce masa ya fara neman rahotonsa, yana da damar samu kyauta sau ɗaya a shekara. Ya duba duka ukun, don abin da ke wannan ba lallai ya kasance a wancan ba. Sai ya rubuta wa bankin ya nemi a sake tsara biya gwargwadon ƙarfinsa, duk abin da aka amince a kai ya zama a rubuce.

Inda mutane suke tuntuɓe shi ne bayan biya. Sai a gama, banki bai sanar da kamfanonin ba, suna ya ci gaba da fitowa cikin masu taurin bashi. Ranar da ya kammala ya karɓi takardar shaidar ba a bin sa komai, ya aika wa kowane kamfani kwafi, bayan wata ɗaya ko biyu ya sake dubawa. Biya ba ya share tarihin, amma za a ga an rubuta bashin ya biyu, kuma abin da jami'in lamuni yake nema ke nan.