Neman kalma: hanyar tazarar haihuwa ta lura da jiki, me za mu kira ta?

Mai shirin mata, Garwa a Kamaru:
Salamu alaikum. Ranar Alhamis da yamma zan shiga shirin lafiyar iyali a rediyo, takardar kuma da Faransanci ta zo. Inda na tsaya shi ne hanyoyin da mace ke gane ranakun da ciki zai iya shiga, ita da maigida su ƙaurace wa shimfiɗa a ranakun ko su sa kwaroron roba. Ba na son in ce "planin natirel" irin ta asibiti. A taimaka.

Ungozoma, Marwa:
Tazara ta lissafin kwana. Haka nake gaya wa mata wajen awo.

Malamar jinya, Ngaundere:
Yaya, lissafin kwana reshe ɗaya ne, na Ogino ɗan Japan da Knaus ɗan Ostiriya tun wajen 1930. Akwai na duba danshin gaba, wanda Billings da matarsa suka yaɗa daga Ostareliya: in ya yi santsi yana yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, lokacin ya zo. Akwai na auna zafin jiki da asuba kafin a sauko daga gado, yakan ɗaga kaɗan bayan ƙwan mace ya fito. Ya kamata sunan ya ɗauke su duka.

Tsohon malami, Kuseri:
'Ya'yana, ku ce "sanin damina". Manomi ya san lokacin da ƙasa ke karɓar iri. Jikin mace ma yana da daminarsa da raninsa. Kalma biyu, Hausa tsantsa, babu abin kunya a ciki.

Malamar jinya:
Baba, yana da daɗi a kunne, amma tsoro nake ji. Damina takan faɗi ne manomi ya fita shuka. A nan haɗarin yana gaban ruwan: maniyyi na iya kwana 5 a jikin mace da ransa, shi ko ƙwai bai wuce yini da kwana. Matar da ta jira sai ta ga "damina" ta riga ta makara.

Tsohon malami:
Ai bayani ke biyo bayan suna. Kuma lissafin da kuke riƙewa Larabci ne, ƙidaya ce tamu.

Ɗalibi, Injamina:
Baba, in haka ne sai mu mayar wa Larabawa da kalmomin haila da al'ada da asuba. Ni dai a duba abin da gidajen rediyon Kano ke faɗa, a bi.

Ungozoma:
Kullum Kano! Matan da ke zuwa wurina Hausarsu haɗe take da Fulatanci, wasu da Larabcin Shuwa. Hausarmu ba reniya ba ce a hannun kowa.

Ɗalibi:
Inna, ba raini ba ne, don kada kowane gari ya yi nasa sunan.

Mai shirin mata:
Don Allah mu dawo. Ga kuma wata sarƙar duwatsu 32 ta gane ranakun, wadda Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fitar: ja na ranar fara jini, farare 12 na kwana na 8 zuwa 19, wato ranakun da ciki zai iya shiga, ga macen da watanta ke tsakanin kwana 26 da 32. Carbi zan ce?

Tsohon malami:
Kul! Carbi na ambaton Allah ne.

Ungozoma:
Ki ce "tsakiyar ƙirga kwana", tsakiya irin ta dutsen ado. Kuma ki faɗa musu mai jego da jininta bai daidaita ba kada ta dogara da ita, kuma in miji bai yarda ba aikin banza ne.

Mai shirin mata:
To, zan ce "tazara ta sanin ranakun ɗaukar ciki", in kawo misalin damina tare da gyaran Malama. Na sarƙar sai na tambayi mata a unguwa.

Tsohon malami:
Ya yi tsawo, ba zai zauna a baki ba. Amma je ki da shi wannan makon.