Sun tafi da Babanmu saboda bashin ƙanina, wai ina 'yancin da ake cewa muna da shi?

Ɗan Kurna:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin doka ku taimaka min domin wallahi tun makon jiya raina a ɓace yake, ko barcin kirki ba na yi. Ƙanina ne ya karɓi kayan waya bashi a hannun wani mutum, caja da iyafis da su gilashin waya na wajen naira dubu 380, kasuwa ta juya masa baya ya kasa biya, kunya ta sa ya bar gari ya kashe waya, mu kanmu ba mu san takamaimai inda yake ba. Sai ranar Talata bayan sallar asuba mutumin nan ya zo da jami'ai har ƙofar gidanmu, da ba su sami yaron ba sai suka ce Baba ya shiga mota, dattijo mai shekara 68 mai hawan jini, a gaban maƙwabta da jikokinsa. Kwana biyu ya yi a bayan kanta, sai da muka haɗa dubu 40 wai kuɗin beli, babu ko rasit, kuma aka sa ni na sa hannu a takarda cewa zan riƙa biyan bashin duk wata.

Bashi kam mun san haƙƙi ne kuma in Allah ya yarda za mu biya. Tambayata ita ce, doka ta yarda a kama uba a madadin ɗansa? In ba ta yarda ba ina zan kai kuka? Sannan kullum a rediyo ana ce mana ku yi katin zaɓe, ku biya haraji, ku zama 'yan ƙasa nagari, ni a shagona duk wanda ya zo da rasit ina biya, toh mu me ƙasar take yi mana in har za a iya ɗaukar tsoho a ƙofar gidansa ba laifin tsaye ba na zaune?

Baristan Unguwa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A taƙaice doka ba ta yarda ba, ko kusa. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 36 ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 a sashe na 7, kuma Kano ta yi nata irin wannan dokar a 2019. Bayan wannan ma shi bashi tsakanin 'yan kasuwa ba laifi ne da ake kama mutum a kansa ba, sashe na 32 na dokar 'yan sandan ya faɗi cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Mai bin bashi kotu ce wajen zuwansa, ko kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci, alƙali ya ji kowane ɓangare ya yanka yadda za a biya. Abin da masu bin bashi suke yi shi ne su rubuta koke su ce zamba ce ko cin amana don maganar ta koma laifi, amma ko an yi hakan ƙaninka ne ake zargi, Baba ba ya ciki.

Sai kuma kundin tsarin mulki na 1999, babi na 4, daga sashe na 33 zuwa 46, nan ne aka jera haƙƙoƙinmu, na rayuwa, na mutunci, na walwala, na samun shari'a ta adalci, na addini, na faɗin albarkacin baki, na taro da shiga ƙungiya da sauransu. Wanda ya shafe ku shi ne na 35. Duk wanda aka kama yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, dole a sanar da shi a rubuce dalilin kamun cikin awa 24 da yaren da yake ji, kuma in akwai kotu a tsakanin kilomita 40 to a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, ka ga a cikin birnin Kano babu wanda zai ce maka kotu ta yi nisa. Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ba shi haƙuri a bainar jama'a. Beli kuma kyauta ne, dubu 40 ɗin nan ba ta shiga asusun gwamnati ba.

Inda za ka je: sashe na 46 ya ba ku damar shigar da ƙara babbar kotu kan tauye haƙƙi. In babu kuɗin lauya akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa, duk suna da ofis a Kano, akwai kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha. Takardar da ka sa wa hannu ka nemi kwafinta ka ajiye, abin da aka sa mutum ya sa wa hannu alhali mahaifinsa yana tsare lauya zai iya ƙalubalantarsa.

Matashin Hotoro:

Barista Allah ya ƙara ilimi amma gaskiya duk wannan a takarda yake. Kai ka je ka karanto wa mai bindiga sashe na 35 ka ga abin da zai biyo baya. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an kwashi yara ƙanana har daga Kano an kai su Abuja, sai a watan Nuwamba aka fito da su kotu, duniya ta ga yadda wasu suka riƙa faɗuwa don yunwa, sai da surutu ya yi yawa sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Ina awa 24 ɗin a nan? Ni fa na gama yanke shawara, katina yana cikin durowa kuma ba zan sake bin layi a rana ba, na yi a 2019 na yi a 2023 me ya canza, buhun shinkafa ne ya sauko ko asibiti ne ya zama kyauta?

Baristan Unguwa:

Ɗan'uwa na Hotoro ban ƙi ta taka ba, kuma bari ma na ƙara maka wani abu da ni kaina yake ci min tuwo a ƙwarya. Maganar ilimi kyauta da lafiya da aikin yi, da ma jimlar nan da kowa yake so ta sashe na 14 cewa tsaro da jin daɗin jama'a shi ne babban aikin gwamnati, duk suna babi na 2 ne, kuma sashe na 6 ya ɗaure hannun kotu a kan wannan babin, ba za ka kai gwamna ƙara don asibiti babu magani ka dogara da shi kaɗai ba. Amma babi na 4 daban ne, ana kai ƙara a kansa kuma kotuna suna yanke diyya. Yaran da ka ambata ma ai lauyoyi da 'yan jarida da mutanen gari da suka ƙi yin shiru ne suka sa aka sake su.

Dattijon Gwammaja:

'Ya'yana ku yi haƙuri tsoho zai sa baki, jikata ce take rubuta min. Ɗan Kurna ka gaida mahaifinka, tsarana ne, na san zafin da yake ji ba na kwanan ba ne, na idon jama'a ne.

Kai kuma yarona na Hotoro ina so ka san abin da ka jefa a durowa. Mu mun taso mun tarar da haraji da jangali, in lokaci ya yi magidanci ko ya ci ko bai ci ba sai ya nemo, wani ya sayar da akuyarsa wani ya bar gari, wanda ya kasa a shanya shi a rana a ƙofar mai gari. Mutum 8 ne suka zauna a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kuma abin da suke faɗa shi ne talaka mutum ne, yana da bakin magana a kan yadda ake mulkinsa. Mutanensu sun sha ɗauri da duka a kan haka, Hajiya Gambo Sawaba mace ce amma gidan yari ya zame mata kamar gida saboda tana cewa a bar matan Arewa su yi zaɓe, kuma ba su sami yin zaɓen ƙasa ba sai 1979 alhali matan kudu sun daɗe suna yi. A wannan shekarar na fara jefa ƙuri'a, muka zaɓi jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano ya soke haraji da jangali, na ga dattawa suna kuka don murna da idona. Daga 1950 zuwa 1979 ka lissafa shekara nawa ne, kai zaɓe biyu ka yi ka gaji. Gidan Mambayya ga shi nan a unguwarmu a buɗe, ka zo wata rana ka ga ɗakin da Malam ya rayu a ciki.

Ba na ce na yanzu suna kyautatawa ba, ni ma ina jin jiki, fanshona ba ya kai ni tsakiyar wata. Amma ban taɓa ganin an gyara abu don mutane sun zauna a gida ba.

Maman Ilham:

Salam. Ni malamar firamare ce, Baba na Gwammaja Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da yake raina. Ɗan Kurna abin da aka yi muku zalunci ne kuma ina roƙonka kar ka bari ya wuce haka, don wallahi abin da yake ba su ƙarfi kenan, kowa sai ya biya ya ce Allah ya isa ya koma gida, gobe a tafi da uban wani. A layinmu an taɓa tafiya da wata mata mai goyo saboda mijinta, mu mata muka je belinta aka ce wai mace ba ta tsayawa beli, daga baya muka gano dokar 2015 ɗin nan ta ce ba a hana mutum tsayawa don kawai mace ce, rashin sani ne ya sa muka dawo muna neman namiji har dare.

Amma tunda ka tambayi me ya sa za ka ci gaba da yin naka, ni ina ganin mu ma da sauranmu. Sashe na 24 ya lissafo abin da yake kanmu, bin doka, mutunta haƙƙin sauran 'yan ƙasa, amfanar da unguwar da kake zaune, taimaka wa hukuma wajen tsaro, faɗin gaskiyar abin da kake samu da biyan haraji. Ku duba kwatocinmu in damina ta kama, ledar fiya wata ce da robobi, mu muka zuba, ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata samari ƙwallo suke bugawa a titi sannan ruwa ya ci gida a ce gwamnati. A ƙwace wa yarinya waya da rana tsaka kowa ya san ɗan gidan waye amma ba mai yin shaida, in an kama shi ma iyayen unguwa ne za su tafi roƙo. A wannan zanga-zangar da aka ambata masu gaskiya sun fito da kokensu amma wasu suka je suka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa da ko buɗe ta ba a yi ba, wadda 'ya'yanmu ne za su koyi kwamfuta a ciki, aka ƙare da dokar hana fita. Ranar zaɓe kuma mu mata a ba mu taliya da sabulu ko turmin atamfa mu dangwala, shekara 4 ba mu da bakin tambaya.

A 2023 Kano tana da masu rajista kusan miliyan 6 amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 2 ba. Muna da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace da kansilanta, mutum nawa ne a nan ya san sunan nasa balle ya tambaye shi rijiyar burtsatsen da ta lalace? Tun hukuncin kotun ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye nake jira na ji wata ƙungiyar unguwa ta je ta tambayi ciyaman nawa ya shigo, ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ce hukuma ta amsa cikin kwana 7. Har kiranye kundin ya ba mu a kan ɗan majalisa, duk da dai yana da wuya don sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba na Gwammaja zan isar da gaisuwa. Barista matsalar yanzu shi Baban ne, na karanta masa duk abin da kuka rubuta ya ce shi a bar wa Allah, tunda yake bai taɓa shiga kotu ba kuma yana tsoron a dawo a sake tafiya da wani a gidan. Yayarmu ma ta goyi bayansa. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, tun ranar nan bai sake zama a dakalin ƙofar gida da yamma ba, daga masallaci sai ɗaki. Zan iya kai ƙorafin da sunana ba tare da shi ba?

Baristan Unguwa:

Za ka iya, ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009 sun yarda wani ya shigar a madadin wanda aka zalunta, kuma babu wa'adin da za a ce lokaci ya wuce, amma ni ban ba ka shawarar ka tsallake maganar mahaifinka ba, ka bi shi a hankali, ka sa liman ko wani amininsa ya yi masa bayani. Kuɗin belin da takardar da aka sa ka sa wa hannu kuwa kai aka yi wa, wannan kokenka ne na kanka. Yau ɗin nan ka zauna ka rubuta ranar da aka zo da lokacin, ranar da aka sake shi, wanda ya karɓi kuɗin da waɗanda suke wajen, in taransifa ka yi ka ajiye alat ɗin, in Baba ya je asibiti bayan fitowarsa ka adana katin. Shi kuma mai bashin ku neme shi ta hannun shugabannin kasuwa ko mai unguwa a zauna a rubuta yadda za a biya shi da shaidu, don kar a haɗa maganar bashin da ta kamun. Ka fara da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ranar Litinin da safe, ba a biyan ko sisi wajen kai koke, ka tafi da kwafi biyu su buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da shi.